Zuwa bikin Fetu Afahye a Cape Coast da jakar goyo: yaushe zan isa, kuma me zan kiyaye?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Ni matashi ne daga Kano, na kusa gama bautar ƙasa, kuma na ɗan tara abin da ba a rasa ba. Tunda nake ban taɓa ganin teku da idona ba. Ina so in goya jakata in bi mota har Cape Coast ta ƙasar Gana lokacin bikinsu na watan Satumba. Shirina in isa ranar Juma'a, in ga hawan ranar Asabar, in yi wanka a teku ranar Lahadi, in juyo gida. Shin shirin ya yi? Me zan ɗauka, ina zan kwana da ɗan kuɗina, kuma a matsayina na Musulmi akwai abin da ya kamata in kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tafiyar mai yiwuwa ce, kuma ina son ka yi ta. Amma ranar da ka zaɓa don isa ita ce za ta ɓata maka komai. Hausawa na cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, wato mai kuɗi a hannu ya fi mai sammako. Wannan magana ta masu wurin ce. Kai da ka ce guzurinka kaɗan ne, wurwurin shi ne jarinka. Abin da mai kuɗi zai saya da aljihu ranar Juma'a, kai da kwanaki za ka saye shi, shi ya sa nake so Litinin ta same ka a cikin garin.

Na san haka ne saboda kuskuren da kake shirin yi shi na yi a zuwana na farko. Na kama ɗaki ta waya a wani ƙaramin masauki, na iso Juma'a da la'asar, na tarar an ba wani da ya biya ninki. Na zaga gari da jaka a baya har bayan isha'i, duk inda na ƙwanƙwasa a cike. Ladanin wani masallaci a zango ne ya haɗa ni da wani mai shago, ya shimfiɗa mini tabarma a ɗakin yaransa. Allah ya saka musu da alheri. Amma ba kowa ne zai dace da irin wannan ba, kuma bai kamata mutum ya ɗora tafiyarsa a kan kunyar bayin Allah ba.

Ba maganar ɗaki kaɗai ba ce. Bikin kansa mako guda ne, Asabar ɗin ƙololuwarsa ce kawai. Sunan garin na asali Oguaa, daga kalmar kasuwa a harshen Fante, kuma cikakken sunan bikin Oguaa Fetu Afahye. Ana yin babban taron ranar Asabar ta farko a watan Satumba kowace shekara. Mutanen garin suna danganta asalinsa da wata annoba da ta taɓa afka wa kakanninsu, shi ya sa tsarkake gari shi ne ruhinsa. Makonni kafin bikin ana hana kiɗa da hayaniya, ana hana kamun kifi a tafkin Fosu da ke cikin gari, ana ware rana ta sharar unguwanni da yashe kwatoci, shi kuma babban sarkinsu, wanda suke kira Omanhene, yana shiga keɓewa. Daren Litinin ɗin makon ana kwana a bakin tafkin da kiɗa da rawar bokaye. Talata ake tseren kwale-kwale, sannan Omanhene ya jefa taru sau uku a ruwa, alamar an buɗe tafkin ga masunta, kuma suna ɗaukar yawan kifin da tarun ya kamo a matsayin ishara ga shekarar da za a shiga. Laraba ranar tarbar 'yan gari ce da suka dawo daga Akara, Kumasi da ƙasashen waje, ranar da dangi ke zama su sasanta rigingimun cikin gida. Daren Alhamis da ranar Juma'a na gidan tsafin Nana Paprat ne, inda ake yanka sa. A 'yan shekarun nan Juma'ar ta samu wani sabon abu, gangamin matasa sanye da kaya ruwan lemo, ana bin motocin kiɗa tituna-tituna har dare. Wannan gangamin ne ke toshe gari, kuma a tsakiyarsa kake shirin sauka daga mota da jaka a baya, ba ka san gabas ba, ba ka san yamma ba.

A wurina Talata ta fi kowace rana. Baƙi ba su cika ba tukuna, za ka samu wurin tsayawa a bakin tafki, ka ga matuƙa suna jan filafili da waƙa a baki ɗaya. Kuma al'ada ce a wannan gaɓar, masunta ba sa shiga teku ran Talata. Da safe za ka same su zaune a gindin ganuwar gidan bayi, wato tsohon ginin da Turawa suka riƙa tsare bayi a ciki, suna ɗinkin taru, kwale-kwalensu masu fenti da tutoci jere a kan yashi. Ka yi sallama, ka zauna gefe. Ranar ce kaɗai suke da lokacin hira da baƙo.

Asabar kuwa, duk wanda ya tashi yana ganin Hawan Daushe zai gane abin da ke faruwa ba sai an fassara masa ba. Bambancin, su babu doki. Ana ɗaukar sarakuna a kan karaga ta alfarma da ƙarti ke dakonta a ka, an ƙawata su da yadin kente da zinare, ana juya manyan laimomi a kansu, manyan ganguna na biye. Sarkin da ke kan gado yanzu shi ne Osabarimba Kwesi Atta na biyu. Gaban sarakuna kuma rundunonin asafo ne, guda bakwai: Bentsir, Anaafo, Ntsin, Nkum, Brofomba, Akrampa da Amanful. A da su ne mayaƙan gari, kowace runduna da unguwarta, da launin kayanta, da waƙoƙinta, kuma mutum yana gadon rundunar ubansa ne. Ka sa ido a kan tutocinsu. Kowace tuta karin magana ce aka ɗinka da ƙyalle, wata habaici ce ga wata runduna, kuma mai riƙe da ita yana rawa da ita yana wulwulawa kamar takobi. Za a yi ta buga bindigar gargajiya, kada ka firgita, amma kada ka matsa kusa da masu ita. Jerin gwanon yana ratsa tsakiyar gari ya ƙare a filin Victoria Park da ke bakin teku, inda ake zaman gaisuwa da jawabai. Idan ka kwana biyar a garin, ka riga ka san wane lungu ne ke da inuwa, wane mai shago zai bar ka ka tsaya a barandarsa, ta ina za ka zame idan turereniya ta yi yawa.

Maganar addini da ka yi, na ji daɗin da ka yi ta tun kafin ka tashi. Hukunci na malamai ne, ka tambayi malaminka. Abin da zan iya yi maka shi ne in rarrabe maka abubuwan, don ka tambaya da sani. Akwai sashen da bauta ce tsantsa ga abubuwan da suke kira allolin Oguaa saba'in da bakwai: kwanan bakin tafki, daren Alhamis, yankan sa, da zuba giya a ƙasa ana kiran kakanni. Ni ba na halartar waɗannan, kuma ba wanda ya taɓa tambayata dalili. Akwai kuma tseren ruwa, da jerin sarakuna, da kasuwa, da ziyarar dangi. Gangamin Juma'a babu tsafi a ciki, amma akwai giya da cakuɗuwa da shigar da ba za ta yi maka daɗi ba, musamman bayan magariba. Ka yi Juma'arka a masallacin da ke wajen Kotokuraba, ka kalli abin da za ka kalla da sauran rana, ka koma masauki. Abu ɗaya nake roƙonka: abin da ba za ka shiga ba, ka bar shi cikin mutunci. Kada ka tsaya kana nuna boka da yatsa, kada ka ɗaga waya a kan wurin tsafinsu ba izini. Garinsu ne, kai ka zo. Alƙibla kuma ba ta da wuya a can: ka fuskanci gabas ka ɗan karkata arewa, teku na hannun damanka.

Yanzu hanya. Takardu biyu ne ba makawa. Na farko fasfo, ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa. Bisa yarjejeniyar 1979, ɗan ƙasar ƙungiyar yana shiga wata ƙasar ba biza har kwana 90. Na biyu katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa. Ka yi allurar da gaske, kada ka sayi kati a bakin tasha, kuma ka yi ta aƙalla kwana 10 kafin tashi, domin sai bayan kwana goma katin ke fara aiki. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da za su karanta wannan, tunda Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, su fara tuntuɓar ofishin jakadancin Gana kafin su ɗaura kaya. Hanyar da kakanninmu fataken goro suka bi zuwa Gwanja ta arewa ce, amma a halin tsaron da ake ciki ban ba kowa shawarar ratsa Burkina Faso ba. Ka bi ta gaɓar teku.

Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, ka ba shi yini da kwana. Daga Legas zuwa Akara bai kai 500 ba, amma shi ma yini guda yake ci, saboda iyaka uku: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao da ke manne da birnin Lome, inda za ka taka ƙasar Gana. Hanya biyu ce. Ko ka shiga babbar mota ta kamfani da ke tafiya kai tsaye, irin su ABC, wadda ma'aikatanta ke tattara fasfo su kai a buga hatimi, ko ka yi ta guntu-guntu: Mile 2 zuwa Seme, Seme zuwa Kwatano, Kwatano zuwa Lome, ka tsallaka Aflao da ƙafa, ka hau motar Akara. Guntu-guntun ya fi araha a lissafin takarda, kuma ya fi koyar da mutum. Amma wanda fasfonsa sabo ne fil, ba hatimi ko ɗaya, shi ne abincin 'yan kamashon iyaka. Shawarata ka tafi da motar kamfani, ka buɗe ido ka ga yadda ake yi, in ya so ka dawo guntu-guntu. Kowace iyaka hatimi biyu ne, na fita da na shiga. Ka buɗe fasfonka ka gani da idonka kafin mota ta tashi, domin hatimin da aka tsallake a tafiya shi zai tsare ka a dawowa. Kada ka miƙa fasfo ga wanda ba ya cikin kaki kuma ba ya bayan kanta. Kada ka karɓi saƙon kowa, ko da ƙullin magani ne, ko da dattijo ne ya roƙe ka da girman Allah.

Kuɗi kala uku za ka taɓa: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana. Ka canji kaɗan a iyaka, abin mota da ruwa, sauran ka bari sai Akara. Ka ƙirga a gaban mai canji, kuma da zarar ka ƙirga kada ka mayar masa ya sake ƙirgawa. Ka raba kuɗinka wuri uku a jikinka da jakarka. Kuɗin komawa gida ka naɗe shi daban, ka ɗauka ba naka ba ne. Agogon Togo da Gana yana bayan namu da awa ɗaya.

In ka bi lissafina, za ka bar Kano Alhamis, Juma'a kana Legas, Asabar kana hanya, Lahadi ka huta a Akara. Ka sauka Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, inda za ka ji Hausa ta ko'ina, ka je ka ga babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Hausarsu ta ɗan bambanta da tamu, za ka ji an ce wa mace "ya zo". Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa kowa. Hausa ce da ta yi sama da shekara ɗari tana zaune da wasu harsuna, kuma ita za ta buɗe maka ƙofofi. Litinin da asuba ka nufi tashar Kaneshie. Cape Coast kusan kilomita 150 ce, awa uku in hanya ta yi kyau, amma cunkoson Kasoa na iya ƙara maka awa ɗaya ko fiye. Sunan wannan gari ma kalmarmu ce, kasuwa, daga 'yan kasuwar arewa da suka zauna a wurin. Hanyar tana da yawan haɗari, kada ka bi ta da dare.

Jaka kuwa, ƙa'idata ɗaya ce: in ba za ka iya ɗora ta a cinya cikin ƙaramar bas ba, ta yi girma. Jakar da ta shiga but ana biya mata kuɗi, kuma idonka ba ya kanta. Kaya kala uku sun isa, masu saurin bushewa, domin iskar teku ba ta busar da wanki kamar ta Kano, yadi mai kauri sai ya kwana biyu da danshi. Kaftani ɗaya mara nauyi na Juma'a, rigar sanyi 'yar shara-shara, silifas da takalmi rufaffe na ranar turereniya, sallaya mai naɗewa, ƙaramar buta, gidan sauro, tocila, kwaɗo, caja da batirin ajiya. Soket ɗin Gana irin namu ne. Ledoji masu kauri don waya da fasfo. Maganin zazzaɓin cizon sauro da gishirin zawo. Dabino, ƙuli-ƙuli da garin kwaki suna ceton mutum a doguwar hanya. Kada ka saka komai mai zanen kakin soja, ko wando ko hula, an hana farar hula sa shi. Ka ɗauki hoton fasfonka ka tura wa wani a gida, kuma in kana da katin ɗalibi ka riƙe shi, yakan rage kuɗin shiga wuraren tarihi, inda baƙo ke biyan fiye da ɗan ƙasa.

Za ka ce kwana bakwai a masauki ai ya fi kwana biyu tsada. A lissafi haka ne, a aikace ba lallai ba. Ranar Litinin ɗakuna a buɗe suke, kai ne mai zaɓi. Ka shiga uku ko huɗu, ka duba ruwa da makewayi da sakatar ƙofa, sannan ka yi ciniki na mako guda dunƙule, ka biya, a rubuta maka rasit da kwanakin a jiki. Wannan rasit shi ne kariyarka ranar Juma'a idan masu ninki suka iso. Kada ka nace sai ɗakin da ke kallon teku, na masu dala ne. Ka nemi na cikin gari wajen Kotokuraba, ko can Abura da Pedu, ko kusa da jami'ar garin, inda tasi na haɗaka ke kai mutum tsakiyar gari da ɗan canji. In duk ya gagara, Elmina na nan kilomita 12 yamma. Kuma ko ka samu ɗaki, ranar farko ka je zango ka gai da liman da sarkin zango, ka faɗi daga inda kake da inda ka sauka. Baƙon da aka san da zamansa, in wani abu ya same shi akwai mai tambaya.

Abinci ba zai ba ka wuya ba, har za ka yi mamaki. Da safe akwai koko da ƙosai, su ma haka suke kiransu, har suna cewa kokon Hausa. Akwai waakye, wato shinkafa da wakenmu da aka dafa da karan dawa ya yi ja, kuma yawanci matan zango ne ke sayarwa. Akwai tuwon zafi, akwai tsire da suke kira cicinga. Amma kada ka yi tafiyar kwana huɗu don ka ci abin da ka baro a gida. Ka ci dokunun Fante, wanda ake naɗewa da ganyen ayaba, da soyayyen kifi da yaji. Lokacin bikin ya dace da kakar kifi, yana da yawa kuma da araha. A gidajen abincin gargajiya ka tsaya a kan kifi, domin tukunyar miya ɗaya kan haɗa nama iri-iri har da na daji, kuma abin da suke kira domedo naman alade ne. Ruwa ka sha na leda ko na gora kawai. Bayarwa da karɓa da hannun dama, kamar a gida. Ka riƙe kalma ɗaya, medaase, wato na gode.

Sai teku, kuma a nan nake so ka saurare ni da kunnen basira. Da farko ka rage buri: ƙarshen Agusta da farkon Satumba lokacin sanyi ne a wannan gaɓa. Sama takan yi lumshi, ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa sama, shi ne ma ke kawo kifin. Ba za ka tarar da shuɗin ruwa mai kwanciya irin na hotuna ba. Za ka tarar da ruwa mai ruri, yana dukan duwatsu dare da rana. Yana da kyau ƙwarai, kyau mai sa mutum ya yi tasbihi. Amma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Iyon da ka koya a kududdufi ko a Tiga ba shi ne wannan ba. Ruwan da igiya ta turo bakin gaɓa dole ya koma, kuma yakan tattaru ya koma ta wata siririyar hanya da gudu kamar kogi a cikin teku. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wannan hanyar ita ta fi kama da wurin lafiya: dama da hagu igiya na fashewa da kumfa, tsakiya kuma lumui, ruwan ya ɗan yi duhu ko ya gauraye da yashi. Nan baƙo ke zaɓa ya shiga. Na ga wani saurayi da muka zo mota ɗaya ya shiga irin wannan wuri, ruwa iya ƙugu, kafin a ce kwabo ya yi nisan da ba ma jin muryarsa. Yaran masunta biyu ne suka bi shi suka fito da shi, ya sha ruwa ya galabaita. Da ba sa kusa, da sai dai mu kai labari gida.

Saboda haka, in ba ka iya iyo sosai ba, kada ruwa ya wuce gwiwarka, kuma ko a nan ka fuskanci teku, kada ka ba shi baya. Kada ka shiga kai kaɗai, kada ka shiga da magariba, kada ka hau duwatsun gindin ganuwa don hoto, suna da santsi kuma igiya ba ta sallama. Ka tambayi masunta inda ake shiga, in sun ce a'a to a'a ne. In kuma Allah ya ƙaddara ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutum. Ka kwanta a kan ruwa, ka ɗaga hannu, ka yi iyo gefe, wato ka bi tsawon gaɓa, har ka fita daga hanyar, sannan igiya ta taimaka maka ka fito. Bakin ruwan cikin gari ma wurin aiki ne na masunta, kuma wasu sassansa ba su da tsabta. In kana son yashi mai kyau da inuwar kwakwa, ka ware yini ka je Brenu, gaba da Elmina, ko Anomabo ta gabas. Ka je Laraba ko Alhamis, ba Lahadin da kowa ke can ba.

Akwai wurin da ban yarda ka baro garin ba ka shiga ba, kuma shi ma yana son ranar da babu hayaniya. Gidan bayin Cape Coast, farin gini a kan dutse a bakin ruwa. Mutanen Suwidin ne suka fara gina shi a 1653, Ingilishi suka ƙwace shi bayan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, kuma daga nan suka mulki ƙasar har 1877 da aka mayar da hedikwata Akara. Na Elmina ya girme shi, Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, Holan ta karɓe a 1637, Ingila a 1872. Mai rakiya zai shiga da ku kurkukun ƙarƙashin ƙasa, inda ake cusa ɗaruruwan mutane cikin duhu makonni suna jiran jirgi, ya nuna muku cewa a saman kurkukun maza aka yi ɗakin ibada, ya kashe fitila na ɗan lokaci, sannan ya kai ku ƙofar da in an fita ba a dawowa. Mu 'yan arewa mukan ɗauka wannan labarin na mutanen kudu ne da baƙaƙen Amurka. Ba haka ba ne. Da yawa daga waɗanda aka bi da su ta wannan ƙofa daga arewa aka gangaro da su, kuma Salaga, kasuwar da fatakenmu ke zuwa sayen goro, babbar kasuwar bayi ce. A Assin Manso, kan hanyar Kumasi, har yau ana nuna rafin da ake yi musu wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Ka shiga da natsuwa, ka ajiye waya a aljihu, ka yi musu addu'a. Ni duk zuwan da na yi sai na koma, kuma ban taɓa fitowa na iya cin abinci nan take ba.

In kuɗi ya ragu, dajin Kakum na nan kusan kilomita 30 arewa da gari, da gadar igiya mai tsawon mita 350 da aka ɗaura a ƙoƙuwar itatuwa. Ka je da sassafe ranar aiki, kafin motocin 'yan makaranta.

Ranar Asabar ka bar jaka da fasfo a kulle a masauki, ka fita da kwafin fasfon, da kuɗin yini a aljihun gaba, da gorar ruwa. Ka karya da wuri, ka kama wurinka tun kafin rana ta ɗaga, domin jerin gwanon yakan ɗauki sa'o'i. Waya in ba hoto kake ɗauka ba ta koma aljihu, masu yankan aljihu su ma bikin suke zuwa.

Komawa kuma kada ka sa ta Lahadi. Ranar ake taron addu'ar coci-coci na rufe biki, kuma daga azahar duk wanda ya zo daga Akara yana neman mota, tasha ta cika, kuɗin mota ya hau. Ka biya ɗakinka har daren Lahadi tun a cinikin farko. Litinin bayan sallar asuba ka je ka yi sallama da mutanen zango, ka kama motar farko, ka wuce Kasoa kafin cunkoso. In ka ga rana ta yi maka a Akara, ka kwana Nima, ka tunkari Aflao da safiyar Talata, yadda iyakoki ukun duka za su same ka da hasken rana.